Wanda Ke Kwana a Waje Dominmu

Jama'ar Bebeji da Kiru, jama'ar Tudun Wada da Doguwa. Ina da magana da ku a kan mutumin da ke kwana a waje domin mu samu mu kwana a ɗaki.

Kun san shi. Duk wanda ya taɓa baro Kwanar Dangora da daddare ya nufi Tudun Wada, ko ya ratsa ƙauyukan da ke gefen Tiga, ya gan shi. Tocila a hannu, gora ko bindigar toka a kafaɗa, hular sanyi har kunne, silifas a ƙafa ko da ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ya haska fuskarka, ya gane ka, ya ce a sauka lafiya. Kai ka wuce ka miƙe a kan katifa. Shi kuwa da ya idar da sallar asuba sai ya saɓi fartanya ya nufi gona, domin gadi bai ɗauke masa ciyar da iyali ba. Wasu su ce masa ɗan banga, wasu ɗan sintiri, wasu ɗan sa-kai. Mun saba da ganinsa har mun daina tambayar su nawa ne irinsa a garinmu, wa ya koya musu aikin, kuma daga aljihun wa kuɗin batirin tocilar nan ke fitowa.

Yau nake so mu yi waɗannan tambayoyi, tun muna da sararin yin su a zaune.

Ba sai an tuna wa mutumin Doguwa abin da dajin Falgore ya zama ba a wajejen 2015 da 2016, lokacin da ɓarayin shanu suka mai da shi gida, direbobin hanyar Jos suka riƙa jiran gari ya waye kafin su ratsa. 'Yan sanda sun shiga sun ƙwato garkuna, a 2017 rundunar soja ƙarƙashin Janar Tukur Buratai ta kawo atisayen Harbin Kunama na biyu, aka kuma mai da wani sashe na dajin filin horar da sojoji. Mun samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma dajin yana nan inda yake, bakinsa a buɗe ta wajen Bauchi da Kaduna. A ƙarshen 2025 kuma mun ji yadda 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, a cikin jihar nan tamu da muka daɗe muna cewa ta tsira. Gemun ɗan uwa ya riga ya kama da wuta.

Gwamnatoci sun motsa, kuma a yaba musu. Katsina ta yaye dakarun tsaron al'umma kusan 1,500 a Oktoban 2023. Zamfara ta fito da Askarawa sama da 2,600 a Janairun 2024. A nan Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a farkon 2025, aka ƙaddamar da mutum 2,000 kafin shekarar ta fita. To amma ku ɗauki alƙalami ku raba 2,000 gida 44. Kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da kimanin mutum 45. Ku shimfiɗa mutum 45 a faɗin Doguwa, daga bakin Falgore har duwatsun Riruwai, dare da rana, damina da rani, ku ga ko za su rufe ko da kusurwa ɗaya. Saboda haka ko mun so ko mun ƙi, nauyin daren ƙauye zai ci gaba da zama a wuyan manomin nan mai tocila. Tunda haka ne, wajibi ne mu tsara aikinsa kamar mutanen da suka san abin da suke yi.

Mu fara da adadi, domin nan muka fi yaudarar kanmu. Na taɓa zama a wani taron gari inda aka ɗauko littafin 'yan sintiri aka karanto sunaye sama da sittin. Dattawa suka gyaɗa kai, kowa ya ji hankalinsa ya kwanta. Bayan mako biyu aka sace shanun huɗa a wani gida da ke bayan gari, aka buga gangar fita. Na tsaya na ƙirga waɗanda suka hallara a gindin dalbejiyar ƙofar mai unguwa: mutum goma sha ɗaya. Da aka bi diddigi, wasu suna Legas da Abuja suna ci-rani, wasu sun tare a fadama wajen tumatir, biyu sun rasu ba a goge sunansu ba, wasu kuma sun rubuta suna ne tun lokacin da aka yi raɗe-raɗin za a fara biyan alawus, da ba a biya ba suka kama gabansu. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Littafi ne kawai aka bari ya tsufa, jama'a kuma suna barci a kansa.

Ku yi lissafin da kanku. In ana son mutum goma a waje kowane dare, kuma ba a son kowa ya wuce dare ɗaya cikin huɗu, to mutum arba'in ake buƙata. Ƙara masu rashin lafiya, da masu tafiya, da wanda matarsa ke kan gwiwa, sai hamsin. Garin da ke da goma sha ɗaya yana tsammanin yana da sittin, waɗannan goma sha ɗayan zai yi ta matsa har su gaji su daina fitowa, ko kuma su fara neman abin da zai hana su barci. Mun san ko mene ne wannan abin, mun kuma san inda yake kai yaro.

Sannan akwai lissafin shekara. Da damina matasa suna gida, amma noma ya sha musu kai, mutum ya wuni sunkuye a gonar masara ko shinkafa, ga ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum da babur ɗinsa. Da kaka amfanin gona yana tare a fili, lokacin da ɓarawo ya fi kwaɗayi, lokacin kuma da mai gadi ya fi gajiya. Da rani hanyoyin daji sun bushe, rafuka sun janye, ko'ina ya zama hanya, daidai sa'ad da rabin majiya ƙarfin gari suka tafi neman kuɗi kudu. Jadawalin da bai san da wannan ba, a takarda kawai zai yi aiki.

Kakanninmu sun san da shi. A zamanin daular Usmaniyya, yawancin mayaƙa manoma ne. Sarki yana da bayinsa da 'yan lifidinsa, amma in yaƙi ya taso sai a aika wa hakimai, kowa ya zo da mutanen ƙasarsa, kuma galibi sai an kawar da amfanin gona ake fita. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, runduna ta fara zubewa, kowa hankalinsa ya koma gona. Shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya dage a kan ribaɗi, wato a zaunar da mutane a garuruwan bakin iyaka, a ba su ƙasar noma, su zama suna nan koyaushe. Ƙasarmu ta kudancin Kano ta ɗanɗana wannan rayuwa fiye da kowa, domin ta nan Ningawa suka riƙa kawo hari, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya ci shekaru yana fama da su. Ganuwar da muke ganin kufanta a tsofaffin garuruwanmu da aikin gayya aka gina ta, da aikin gayya ake yaɓe ta bayan ruwa ya ɗauke. Sun san cewa mai tsaron gari sai ya ci, sai ya noma, sai an sauƙaƙa masa wani nauyin kafin ya ɗauki wani.

Ko ƙasashen da suka fi mu kuɗi da tsari, a nan suke tuntuɓe. Ingila ta kafa rundunar sojan wucin gadi tun 1908, malamin makaranta da makaniki da akawu suna aikinsu, suna kuma zuwa horo. A yau yawancinsu ana neman kwana 27 a shekara daga gare su, ana biyan su kuɗin kowace rana, wanda ya cika kwanakinsa ya ci jarrabawar lafiya da ta harbi a ba shi tukuici a ƙarshen shekara, doka kuma ta hana ubangidansa korarsa in an kira shi fagen daga. Duk da wannan gata, da gwamnatinsu ta sa burin samun ƙwararru 30,000, sai da ta yi shekaru tana fama adadin bai cika ba. A Amurka ma dakarun jihohi suna ba da ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara, kuma ba a kyauta ba. In waɗannan suna wahalar riƙe mutane da albashi da inshora, yaya muke zaton za mu riƙe namu da "Allah ya saka da alheri" kaɗai?

Sai maganar shiri. Jarumta ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba a wannan yanki. A farkon Fabrairun 1903, da rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya za ta ci Kano, Bebeji ce ta rufe ƙofa ta ƙi buɗewa. Mutanen garin sun tsaya. Igwa ta fasa ƙofar, aka kashe na kashewa, bayan kwana biyu Kano ta faɗi. Ina alfahari da tsayuwar nan, ina kuma ɗaukar darasinta da muhimmanci: zuciya ba ta tare harsashin da ya fi ƙarfin makaminka. Yau ɗan sintirinmu yana riƙe da bindigar da sai an ɗura mata albarushi bayan kowane harbi, wadda in ruwa ya taɓa ta sai ta ƙi tashi, wanda zai fuskanta kuwa yana ɗauke da AK-47. Dokar ƙasa ba ta ba farar hula damar riƙe irin wannan makami ba, ni ma ba na kira a ba shi. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya tura ɗan mutane da bindigar toka ya ce ya shiga Falgore ya fatattaki 'yan bindiga, ya tura shi kabari ne.

Aikin ɗan sintiri shi ne ya zama ido da kunnen gari. Ya san baƙon da ya sauka da wanda ya sauke shi. Ya lura in an fara sayen burodi da man fetur a jarka fiye da abin da ƙauye ke ci. Ya gane sawun babura a hanyar da ba a saba bi ba. In abu ya taso, ya san lambar wa zai kira, ya san ta inda za a fitar da mata da yara, ya san yadda ake ɗaure rauni a tsayar da jini kafin a kai asibiti. Mutane nawa suka mutu a hanya saboda ba wanda ya iya wannan ɗaurin? Duk wannan koyo ne, kuma koyon da ake maimaitawa. Burkina Faso ta kafa dokar 'yan sa-kanta a Janairun 2020 da horon mako biyu kacal, aka kashe su da yawa, aka kuma zarge su da kashe bayin Allah da yawa. Horon da aka yi sau ɗaya aka ɗauki hoto aka watse, bayan wata shida babu saura a kan kowa.

Mu kuwa Allah ya kawo mana malamai har gida. Ga sojoji a Falgore, ga Baturen 'yan sanda a kowace ƙaramar hukuma, ga Sibil Difens, ga ma'aikatan lafiya a asibitocinmu, ga tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya suna zaune a unguwanninmu ba wanda ya neme su. Me zai hana shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu su nemi a ware yini ɗaya a kowane wata, da mako guda bayan kaka, a riƙa tara 'yan sintiri ana koya musu? A gwada kiran gaggawa da rana tsaka a ga minti nawa ake ɗauka kafin a amsa. A gano ƙauyukan da waya ba ta kamawa, a sama musu oba-oba. A kuma koya musu sirri. A Afrilun 2014, a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru a Zamfara, 'yan banga da mafarauta na garuruwa da dama sun taru suna shawarar yadda za su tunkari ɓarayi. Labarin taron ya riga su isa daji. Aka zo a kan babura aka buɗe musu wuta, fiye da mutum 100 suka kwanta dama.

Yanzu ga maganar da ta fi yi mini nauyi, ina roƙon ku saurare ta da zuciya ɗaya. Makami a hannun wanda ba shi da mai tsawata masa ya fi rashin makamin haɗari. Ku tambayi mutanen Zamfara yadda wutarsu ta ruru. Satar shanu ce da fashi, sai 'yan sa-kai suka fara kama Fulani a kasuwa suna yankawa ba shari'a, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe wa iyaye suka shiga daji suka sayi bindiga, ramuwa ta haifi ramuwa, yau shekara fiye da goma ba a kashe wutar ba. A Oktoban 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a jihar Sakkwato. Ba a rufa mako biyu ba 'yan bindiga suka zagaye kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Masu tallar gero da masu sayen magani ne suka biya bashin da ba su ci ba.

In kuwa wani yana ganin wannan labarin nesa ne, to ya tuna Uromi. A ƙarshen Maris 2025, cikin azumi, mafarauta suna dawowa gida daga Fatakwal domin yin salla da iyalansu. 'Yan banga a jihar Edo suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, suka yanke hukunci a bakin titi. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta Bunkure, maƙwabtanmu na kusa. Mun yi kuka, mun ce a yi adalci, kuma muna da gaskiya. To abin da ya cinye su shi ne ɗan banga da ya ga baƙo, ya ga kamanninsa da yarensa, ya mai da kansa ɗan sanda da alƙali da hauni a lokaci guda. Kwanar Dangora mararraba ce. Mutumin Jos yana bi, na Zariya yana bi, Bafulatani da garkensa yana bi, Inyamuri mai kaya yana bi. Kada Allah ya nuna mana ranar da za a yi wa ɗan wani a ƙasarmu abin da aka yi wa namu a can.

Don haka duk wanda aka kama, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa, a rubuta sunan wanda ya kama shi da wanda ya karɓa. Ba duka, ba ɗauri a gindin bishiya, ba tara. Kada a ɗauki kowa aikin sintiri sai mai unguwa da liman da mutum biyu masu mutunci sun tsaya masa. Mai shaye-shaye da ɗan daba a nema musu wata hanyar gyara, amma kada a ba su gora. Fulanin da ke zaune tare da mu kuwa, waɗanda kakanninsu suka yi kiwo a nan tun kafin a gina dam ɗin Tiga, a sa 'ya'yansu a cikin sintiri, a ba Arɗo kujera a kwamiti. Su ne suka fi kowa sanin daji, su ne kuma ɓarayin shanu suka fara talautawa. Rundunar da ta zama ta ƙabila ɗaya ta riga ta zama ɓangare a rikici tun kafin rikicin ya zo.

Saura kuɗi, inda kowa ke sunkuyar da kai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai wani maƙwabcina, magidanci mai 'ya'ya biyar, da ya shekara yana fita sintiri. Wani dare bindigarsa ta fashe a hannunsa, ta tafi da yatsu uku na dama. Na je duba shi a asibiti, na tarar an naɗe hannun, matarsa tana zaune a ƙasa da kwanon koko, ana jiran a kawo kuɗin allura. An yi karo-karo a masallaci ranar Juma'ar farko, an tara abin da aka tara. Juma'a ta biyu ba wanda ya sake tada maganar. Da damina ta zo, hannun ba ya riƙe fartanya, sai da ya jinginar da rabin gonarsa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Amma matasan unguwar sun gani da idonsu, kuma daga wannan shekarar masu fita suka ragu. Wa zai zarge su?

Borno ta riga mu ganin wannan. A 2013 matasan Maiduguri suka tashi da gora suka kori Boko Haram daga unguwanninsu, duniya ta san su da Kato da Gora. An ce yawansu ya kai wajen 26,000, amma a shekarun farko waɗanda gwamnatin jiha ta horar ta sa a alawus na naira 15,000 a wata ba su kai 2,000 ba. Ɗaruruwa sun mutu a fagen daga, suka bar mata da marayu, sai daga baya aka riƙa ƙara alawus ana waiwayar iyalansu. Mu da muke da damar shiryawa tun wuri, ba mu da uzurin maimaita wannan.

Kuɗin sintiri ba asiri ba ne, kowa zai iya lissafa shi: man babur, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya ninka ya sake ninkawa, batir da katin waya, rigar ruwa da takalmi, akwatin magani, shayi da burodin dare, ɗan abin da zai maye wa mutum yinin da ya rasa a gona saboda horo. Sama da duka, asusun jinya da na marayu, wanda ba a taɓa shi sai ranar da abin ya faru. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne. Ba na cewa a biya mai fita dare ɗaya cikin huɗu cikakken albashi, amma a auna darensa da wannan ma'auni a ba shi rabonsa, a kan lokaci, a hannunsa, ba ta hannun wani ba.

Wa zai biya? Da farko hukuma, domin tsaron rai shi ne farkon abin da aka zaɓe ta ta yi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Muna da haƙƙin mu tambayi shugabanninmu da kansilolinmu nawa aka ware wa sintiri a kasafin bana, a rubuce, a manna a sakatariya kowa ya gani. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya, masu wakiltar Kiru da Bebeji da masu wakiltar Tudun Wada da Doguwa, su matsa a shigar da 'yan sintirin ƙauye ƙarƙashin inuwar dokar da aka riga aka kafa, su samu katin shaida da shugaban da za a tuhuma in sun yi ba daidai ba. Mu ma jama'a da namu kason. Ƙasar da ke fitar da masara da shinkafa da rake mota-mota ba za ta kasa ware kwano ɗaya daga kowane gida da kaka ba. Masu injinan casar shinkafa na Tudun Wada, dillalan hatsi, 'yan tireda da direbobin tashar Kwana, dukiyarku ce ake gadi. Amma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, wata-wata, domin asusun da ba a karantawa ba ya shekara.

Hanya biyu ne na samun kuɗi da nake roƙon mu toshe su da hannunmu. Ta farko igiyar da ake gittawa a titi ana karɓar na goro a wajen direbobi. Ranar da ɗan sintiri ya fara cin abinci daga igiya, ranar ya daina duba abin da ke cikin mota ya koma duba hannun direba, kuma wanda ya fi kowa iya biya shi ne mai ɗauke da mugun kaya. Ta biyu aljihun ɗan siyasa guda. Wanda ya saya maka babur shi kaɗai, ranar zaɓe zai zo karɓar bashinsa, kuma mun san yadda zaɓe ke zafi a wannan yanki. Mai son taimakawa ya zuba a asusun gari, a gode masa a gaban kowa.

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, littafin 'yan sintirin nan a hannunku yake, ku sa a sabunta shi kowane wata uku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, kun sha gaya mana falalar wanda ya kwana yana tsaron al'umma. Ku haɗa mana da haramcin jinin wanda ba a yanke wa hukunci ba, ku kuma gaya wa masu hali cewa marayan ɗan sintiri amana ce a wuyansu. Iyayenmu mata, ku kuke fara jin abin da ake faɗa a bakin rijiya da gidan biki, ku kuke sanin yaron da ya fara shigowa da kuɗin da ba a san tushensu ba. A samar muku wadda za ku gaya wa cikin sirri ba tare da sunanku ya fita ba. Ƙannena matasa, masu fita da masu niyyar fita, Allah ya tsare ku. Ku nemi a rubuta sunanku, ku nemi horo, ku tambayi abin da aka tanadar wa iyalinku, babu kunya a cikin wannan. 'Yan bokonmu da ke Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda ba sa kwana a gida sai da salla, ku ne kuka iya rubuta takarda da bin ofis, ku zo ku ɗauki wannan ɓangaren.

Ranar Juma'ar nan mai zuwa, in an sallame, kada a watse. A roƙi mai unguwa ya fito da littafin. A kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda yake nan ya amsa, wanda ya tafi ci-rani a sa masa alama, wanda ya rasu a yi masa addu'a a tambayi halin da iyalinsa ke ciki. Adadin da ya rage a rubuta shi da manyan baƙaƙe, a zaɓi mutum uku, ciki har da na rugar da ke kusa, su kai wa dagaci da Baturen 'yan sanda da shugaban ƙaramar hukuma kafin wata Juma'ar ta zagayo.